Tarihin da Ummusalama Ta Zaɓa wa 'Ya'yan Yayanta

Ummusalama 'yar Harun malamar tarihi ce a wata makarantar 'yan mata da ke cikin garin Gadarif, tun kafin sojoji su karɓi mulki a 1989. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, kuma ba ta iya bayani a zaune. Ko a gidan suna, in zance ya yi daɗi sai ka ga ta miƙe tana zana abu a iska da yatsa. Ta taɓa aure da wani direban lori ɗan Showak, Allah bai ba su haihuwa ba, suka rabu ba tare da faɗa ba. Daga nan ta kama ɗaki kusa da kasuwar riɗi, ita da akwatin littattafanta.

A farkon shekarun casa'in aka yi ta sallamar ma'aikata da sunan maslahar jama'a, ita ma abin ya faɗa kanta. Ba wanda ya gaya mata laifinta. Wasu suka ce don ta taɓa shiga ƙungiyar malamai ne, wasu suka ce bakinta ne ya ja mata. Ba ta je ta tambayi kowa ba. Ta koma ɗinkin zannuwan gado, da la'asar kuma 'ya'yan maƙwabta su kawo mata aikin gida ta duba musu.

Haka take zaune har shekarar da kan iyaka ya yi zafi. Danginta suna Hillat Harun, wani ɗan ƙauye a bakin iyaka kusa da Basunda wanda mahaifinta ya sare dajinsa. Malamai biyun da ke koyarwa a can suka tafi hutu, ba su dawo ba. Aka jira, aka jira, har awaki suka fara kwana a cikin aji. Rannan sai ga yayanta Kassim, manomin riɗi da dawa, ya shigo ɗakinta da taɓo har gwiwa.

Bayan sun gaisa ya sha ruwa, ya ce, "Makaranta ta mutu, Ummusalama. Barira bana za ta zauna jarrabawar ƙarshe. Sami ya fara manta baƙi. Ita kuwa Atine ba ta ma fara ba."

Ta ce, "Yaya, ai ni an kore ni daga koyarwa."

"Gwamnati ce ta kore ki. Ni ban kore ki ba."

Ta yi dariya, ta tashi ta fara ɗaure akwati.

A hilla, wato ƙauyen nasu, aka kafa mata rumfar kara a bayan bukkar mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna. Barira tana da shekara goma sha huɗu, yarinya mai shiru da yawan tunani. Sami yana da goma, ba ya iya zama wuri ɗaya. Atine ko haƙoran gaba ba ta fara zubarwa ba. Baffa Abdelrahman, ƙanin mahaifin su Ummusalama kuma limamin hilla, ya ƙaro mata jikokinsa maza biyu, tsaran Sami.

Larabci da lissafi ba su ba ta wahala ba. Kowa ta ba shi daidai ƙarfinsa, ya duƙa a kan allonsa. Tarihi, abin da ta fi sani a duniya, shi ne ya tsaya mata a wuya. Ta fito da tsofaffin littattafanta, ta raba yaran kusurwa-kusurwa kamar yadda ake yi a makaranta. Barira tana zamanin Turkawa, samarin suna zamanin Kush, Atine kuma an ba ta hotuna ta kalla. Tana tsakiyar yi wa Barira bayani sai samarin su kaure da kokawa. Ta koma kansu, Atine ta fara cin alli. Ba a daɗe ba Sami ya tambaye ta, da gaske yake, ko Turkawa ne suka gina dalar Bajrawiya don su riƙa hango abokan gaba. Ranar da wuri ta sallame su.

Maganar ta kai ga manya. Wata la'asar ana shan jabana, wato gahawa, a gindin darbejiya, Kassim ya ce shi dai abin da ya sani, littafin gwamnati sabo za a tambaya a jarrabawa, don haka shi za a bi, babba da yaro.

Baffa ya kurɓi gahawa ya ajiye finjali. Ya ce, "Ni kuwa da za a bi tawa, sirar Manzon Allah da ta Sahabbai ta ishe su. Me yaro zai yi da labarin mutanen da suka bauta wa rago?"

Ummusalama ta gyara mayafinta. "Allah ya gafarta Baffa, Alƙur'ani ma ya ba mu labarin Fir'auna da Adawa da Samudawa."

"Ya ba mu ne don mu ji tsoro."

"To ni ma ba don su yi koyi zan faɗa musu ba. A ƙasar nan aka yi mutanen, Baffa. Kogin da suka sha shi muke sha."

Baffa ya ce, "Ke dai tun kina ƙarama ba a kayar da ke a magana." Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba.

Gaskiyar magana, ita ba ta taɓa buɗe sabon littafin ba. An fito da shi ne bayan an sallame ta, kuma ta ƙi shi tun kafin ta gan shi. Amma ta ga ba za ta yi gardama a kan abin da ba ta karanta ba. Ta hau lorin da ke kai buhuna Gadarif. Damina ce, baƙar ƙasar nan ta jiƙe ta zama danƙo, sau da yawa sai fasinja sun sauka sun tura. A kasuwa ta bi masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a gindin baranda, ba wanda yake da shi, sai a makaranta ake rabawa. Tana tsaye tana tunani sai ta ji an ce, "Ustaza Ummusalama?"

Halimatu Sadiya ce, wadda suka yi shekaru suna raba tebur ɗaya a ɗakin malamai. Ita ba a kore ta ba, har ma an ba ta shugabancin makarantar. Tun daga lokacin ba su sake haɗuwa ba, kowacce tana jin nauyin 'yar uwarta. Suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo don ba wadda ta san abin da za ta faɗa bayanta. Da Ummusalama ta faɗi abin da ya kawo ta, Halimatu ta ja hannunta har gida. Ta zuba mata abinci, ta shiga ɗaki ta fito da littattafan aji-aji, har da jagoran malami.

Ta ce, "Ki karanta kafin ki zage shi. Akwai inda za ki zage shi ɗin, ni ma na sani. Amma ki karanta."

Ummusalama ta karanta, a rumfa, da jan biro a hannu. Abin da ta tarar bai yi mata daɗi ba, domin ta so ya fi haka muni. Harshensa mai sauƙi ne, taswirorinsa sun fi na tsohon kyau. Sai dai an cusa tarihi cikin labarin ƙasa da kimiyya, an matse tsofaffin masarautu a 'yan shafuka, an saki jiki sosai a kan shigowar Larabawa, kamar kafin nan ƙasar jira kawai take yi. Ta koma ta buɗe tsohon nata da idon baƙo. Ya fi cika, amma bushewarsa kamar karan dawa a rani: sunan sarki, shekarar hawansa, shekarar mutuwarsa, sai na gaba. Ta yi shekaru tana koyar da shi ba ta lura ba, don ita ce take cike gurbin da bakinta. A duka biyun kuma ba ta ga mutanen Hillat Harun ba, in ban da layi ɗaya a tsohon, inda aka ce wasu mahajjata daga yamma sun tsaya sun yi aikin auduga.

Tana cikin wannan lalube ne wata safiya ta ji muryar Atine a bayan danga. Yarinyar ta tara 'yan akuya tana ba su labarin sarkin Sinnar da tamburansa, labarin da gwaggonta ta ba Barira shekaranjiya, ba ita ba. Ta haɗa da ƙarin nata, har da wani jaki mai magana, amma ƙashin labarin yana nan daidai. Ashe duk lokacin da aka ba ta hotuna, kunnenta yana kusurwar yayarta.

Washegari Ummusalama ta naɗe tabarmin kusurwoyi, ta shimfiɗa babba guda a tsakiya. Ta ce daga yau zamani ɗaya za a riƙa yi, kowa da kowa, daga mafi tsufa a gangaro. Da safe ta tsaya ta ba da labarin da baki, da Hausa, tana sako sunaye da Larabci yadda za su ji su a makaranta. Bayan nan ne ake rabuwa. Atine ta je ta kwaɓa yumɓu ta gina abin da ta ji. Samarin su zana taswira a ƙasa da tsinke, su maimaita labarin ba tare da sun tsallake ba. Barira kuwa aka ɗora mata mai wuya: ta karanta babin a tsohon littafi, ta karanta a sabo, ta zo ta faɗi inda suka haɗu da inda suka rabu.

Ran farko Barira ta dawo fuska a murtuke. "Gwaggo, wanne ne mai gaskiya?"

"Me kika gani?"

"Wannan ya ce da yarjejeniya aka zauna. Wannan kuma ya fi maganar nasara."

"To ki riƙe duka biyun tukuna. Wanda ya rubuta wannan mutum ne, wanda ya rubuta wancan ma mutum ne."

"Amma a jarrabawa amsa ɗaya ake so."

Ummusalama ta ce za a zo wurin. Ta yi tsammanin akwai sauran lokaci.

Ranar Alhamis ta ware wa sira, ta je da kanta ta roƙi Baffa ya riƙa zuwa yana bayarwa, tunda ya fi ta sani. Ya ɗan ja aji, sannan ya zo. Ya iya ba da labari ƙwarai, in ya kai wurin hijira har muryarsa rawa take. Ita ma takan zauna a gefen tabarma ta saurara.

Zaman lafiyar bai daɗe ba. Da ake cikin zamanin Kush ta nuna musu hoton ragon dutse da ke bakin wani tsohon gini. Atine ta gina shi da yumɓu, da ƙahonninsa a murɗe, ya yi kyau har samarin suka roƙa suka tafi da shi gida. Da yamma sai ga Baffa. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye ragon a gaban Kassim, ya ce, "Wannan na tarar a ɗakin da ake salla." Ya juya ya tafi. Da safe jikokinsa ba su zo ba.

Ummusalama ta bari kwana ya shiga tsakani, sannan ta je ta durƙusa a ƙofar bukkarsa. Ta ce ta yi sakaci a kan siffar, ba za a sake gina abu mai rai a rumfarta ba. Amma darasin, ta ce, ba za ta cire shi ba.

Baffa ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "'Ya'yan Kassim na Kassim ne. Nawa kuwa ni za a tambaya a kansu gobe ƙiyama."

Yaran ba su dawo ba har aka gama karatun rumfar. Abin ya ci mata rai, don ƙaramin cikinsu ya fi duk yaran riƙe labari. Amma ranar Alhamis ta gaba sai ga Baffa da sandarsa, ya zauna inda ya saba, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Atine kuma ta koma ginin ganuwa da kwalekwale da na'urar ɗaga ruwa da shanu ke juyawa, tsakar gida ta cika da su har uwarta tana tuntuɓe.

Da aka gangaro zamanin Turawa, Ummusalama ta ga lokaci ya yi da za ta sa abin da littattafan suka bari. Inna tana nan da ranta, ita ce ta zo da ƙafa daga ƙasar Haɗeja tana 'yar yarinya. Ta same ta tana tsince wake, ta ce tana so ta zo rumfa ta ba yara labarin hanya.

Inna ba ta ɗago kai ba. "Wace hanya?"

"Hanyar da kuka biyo, Inna."

"Yunwa ce da ƙaya. Me za a faɗa a ciki?"

"Ya kamata su san daga ina suka fito."

Sai a nan Inna ta ɗago. "Ke kin fi kowa sanin sunan da ake kiranmu da shi a Gadarif, da yadda ake karkace baki in za a faɗe shi. A nan aka binne cibiyar ubansu. A nan aka binne naki uban gaba ɗaya. Kina so ki cika musu kai da yamma, su je makaranta su faɗa da bakinsu, a ce musu baƙi?"

Barira, da take wanke-wanke kusa, ta ce a hankali, "Inna, ko ban faɗa ba sun sani."

"To bar su su sani. Ba daga bakina ba."

Ummusalama ta so ta yi gardama, amma ta bar tsohuwar da wakenta. Ta koyar da zuwan mutanen yamma da abin da ita ta sani: hajji da ƙafa, da waɗanda suka gudo bayan Turawa sun ci ƙasarsu, da aikin gona da ya tsayar da su. Darasi ɗaya ne, ba ta sa sunan kowa ba.

Bayan an yanke riɗi, wata rana da hantsi Inna tana yi wa Barira kitso a inuwar bukka. Ummusalama tana bayan danga tana shanya, sai ta ji tsohuwar tana magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya tambaye ta. Tana cewa suna da jaki ɗaya, ita da ƙaninta Maliki suke karɓa-karɓa a kansa. Bayan sun wuce Fashir zazzaɓi ya kama shi, ya rasu da rana tsaka, aka binne shi a gindin wata kuka, aka ci gaba da tafiya don ruwan gora ya kusa ƙarewa. Daga ranar ta ƙi hawa jakin, da ƙafa ta ƙarasa. Ubanta kuma bai taɓa ganin Makka ba, kowace shekara sai ya ce baɗi.

Ummusalama ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Shekararta arba'in da wani abu, ba ta taɓa jin tana da kawu mai suna Maliki ba. Ba ta fito ba, ba ta kuma sa labarin cikin darasi ba. Barira ma ba ta taɓa ɗaga maganar a rumfa ba.

Lokacin jarrabawa ya zo, Kassim ya kai Barira Basunda a bayan tarakta. Ta ci, ta samu shiga sakandare. Amma da sakamako ya fito, a darasin da tarihi yake ciki ne ta fi samun ƙarancin maki. Kassim ya duba takardar, ya ninke, ya sa a aljihu. Da ya yi faɗa da ya fi wa Ummusalama sauƙi.

Barira ta ce, "Gwaggo, na san duk abin da suka tambaya. Amma kalmomin littafin suke so, ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma sai na tsaya bayani."

Ummusalama ta yi kwanaki ba ta da walwala. Ba ta rushe tsarin ba, amma ta gyara. Da Sami ya kusa tasa jarrabawar, watannin ƙarshe ta rufe tsohon littafi a akwati, ta zaunar da shi ya haddace sabon layi-layi, tana yi tana tsaki. Ta ce masa, "Wannan na mai gyaran takarda ne. Wancan da ka ji a tabarma naka ne." Sami ya fi yayarsa maki nesa ba kusa ba, abin da har yau Barira take cewa ba adalci.

Bayan 'yan shekaru kan iyaka ya lafa, aka turo sababbin malamai, aka kori awaki aka share aji. Atine ta shiga makaranta kamar kowa. Ummusalama ta zauna a hilla har Inna ta rasu a hannunta, sannan ta koma Gadarif. Daga baya an ce waɗanda aka sallama za su iya komawa aiki, amma a lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, rubutun allo ya gagare ta. Sai ta buɗe ajin yaƙi da jahilci a tsakar gidan da take haya, matan unguwa masu sayar da shayi da kisira, wato wainar dawa, suna zuwa bayan sun tashi daga kasuwa.

Barira ta zama ungozoma a Showak. Sami ya karɓi gonar ubansa, ya ƙara mata faɗi. Atine ta zauna wurin gwaggonta lokacin da take sakandare, ta zaɓi ɓangaren kimiyya, ta zama mai haɗa magani, kuma ita ta yi jinyarta da ciwon suga ya kwantar da ita.

Ummusalama ta rasu a cikin rani, ranar wata Laraba, aka binne ta a Gadarif. Wurin zaman makoki tsakar gidan bai ɗauki mutane ba, sai da maƙwabta suka buɗe nasu. Yawanci mata ne da dangin ba su sani ba, wasu da furfura, wasu da goyo. Suka zazzauna suna ta tambayar juna a wace shekara ta koyar da wa, Kassim kuma yana bakin ƙofa a kan tabarma, ya tsufa, yana amsa gaisuwa.